Dambun Gwaggo da Faifan Dakta

A shekarun da kuɗin mai suka gangaro har garuruwanmu, duk malamin makarantar da ka sani ya sayi babur, wanda bai sayi babur ba ya sayi garmaho. Ni duka biyun na saya, don ban taɓa iya yin abu kaɗan-kaɗan ba. Ina koyarwa a firamare a Ƙanƙara lokacin, aurena bai cika shekara biyu ba.

Muna da wata ƙungiya ta masu sauraron wani irin kiɗan Turawa da muka kwaso tun muna kwalejin horon malamai. Ba irin wanda ake rawa da shi ba ne. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai guda, minti ashirin ko fiye. A fara da jita a hankali, sarewa ta shigo, ganga ta ɗauki wani taku, kana cikin kama takun ta sake shi ta ɗauki wani. Mawaƙin kansa sai an yi nisa yake buɗe baki, ya faɗi abin da ko mu masu koyar da Turanci ba ma kama kansa. Mutanen gari suna ce mana masu kiɗan da ba a rawa. Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa tsayawa bakin zaure ya saurara can, sannan ya tambaye ni ko makaɗan gwada kayansu suke yi, yaushe za su fara. Kwana biyu ina jin haushin maganar nan.

Ba mu da yawa, kuma a warwatse muke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: malaman makaranta, malaman gona biyu, malamin daji ɗaya, sai malamin asibitin Sabuwa da kowa ke kira Dakta. Duk ƙarshen shekara, in an rufe makarantu, mukan haɗu a Ƙanƙara mu yanka akuya, mu ari aji guda, mu sa waƙoƙi biyar da jama'a suka zaɓa. Ta biyar ake farawa da ita, ta ɗaya a rufe da ita kafin magariba.

Ni ne magatakarda, don haka ni ke yawon tattara zaɓe. Sunayen waƙoƙin suna da wuyar faɗi, sai muka raɗa masu namu: Mai Ruwan Sama, Jirgin Ƙasa, Tsohuwar Coci, Doguwa, da sauransu. Nakan ɗaure gwangwanayen madara a bayan babur, kowanne da sunan waƙa a jikinsa, in bi gari-gari. Kowa a ba shi gurjiya uku, ya juya mana baya ya jefa inda yake so. Ka ga manyan mutane masu gemu suna rigima a kan gurjiya kamar za a naɗa sarauta. Malamin gona guda ya taɓa zuwa da tasa gurjiyar a aljihu, tun daga nan na koma shafa wa tawa jan tawada.

A shekarar da nake magana Doguwa ce ta ci, kuma ba ƙaramar tazara ta ba sauran ba. Da na zazzage gwangwanin na ga tarin gurjiyar, sai na san akwai aiki, don faifan Doguwa guda ɗaya ne a duk ƙasar nan tamu, kuma na Dakta ne.

In an bi gaskiya ma ba nasa ba ne, na yayansa ne. Yayan soja ne, shi ya zo da faifan daga kudu bayan yaƙi. Ya tsira daga harsashi ya dawo gida lafiya lau, ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi. Abin da ya bari a ɗakinsa bai wuce akwatin ƙarfe da ƙaramin garmaho mai batir da faifan nan ba. Dakta bai taɓa barin faifan ya ƙetare ƙofar ɗakinsa ba. In muna son jin Doguwa, Sabuwa muke zuwa, mu cika masa ɗaki, ana shayi ana surutu, garmahon yana fama da muryarsa ta tsoho. Da nake yawon zaɓe ma na leƙa ta gefen ido na ga inda Dakta ya jefa gurjiyarsa. Duka ukun Jirgin Ƙasa ya ba, don dai kada Doguwa ta ci.

Saura kwana uku liyafa na tafi Sabuwa. Na same shi yana wanke allurai a tafasasshen ruwa. Mutum ne marar yawan magana, in ka tambaye shi abu sai ya gama abin da ke hannunsa yake amsawa. Na gaya masa sakamakon zaɓe. Ya tsame allurar ƙarshe, ya goge hannu.

"Na ji labari," in ji shi. "Ni ba zan iya barin asibiti ba sai ranar, kuma motar kasuwa zan biyo. Ka san yadda ake cusa mu da buhuna da awaki. Ba ni shiga da faifan nan cikin wanga turmutsutsu."

"To ka ba ni shi, Dakta. Amana ce. In wani abu ya same shi, ka daina gaishe ni har abada."

Bakina ne ya faɗi haka, ba wanda ya tambaye ni. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya shiga ɗaki ya fito da shi cikin kwalinsa, a naɗe da farin tawul. Da kansa ya kwantar da shi a ƙasan akwatin katako da ke bayan babur ɗina, inda nake zuba littattafan yara.

"Malam, ban da rana. Ban da ɗora mashi kaya."

"Haba Dakta, sai ka ce yaro."

Na kama hanya ina lallaɓa babur kamar na ɗauko ƙwai. Duk ramin da na hango sai na sauke ƙafa. Masu keke ma suna wuce ni.

Tafoki a kan hanyata take, kuma a Tafoki Gwaggo take, yayar mahaifina. Ba a wuce ƙofar Gwaggo. Ko ka bi ta bayan gari ka rufe fuska da rawani, kafin ka isa gida labari ya iske ta, kuma sai ka shekara kana ba da haƙuri. Na tsaya. Na nemi inuwar tsamiyar da ke ƙofar gida na kafe babur, na ma tsaya na duba inda inuwar za ta karkata, sannan na shiga. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na sha fura. Da aka kira azahar na fita masallaci.

Akwai wata tsohuwar rigima tsakanina da Gwaggo. Ba ta yarda baƙo ya bar gidanta hannu sake, ni kuma tun da na fara ɗaukar albashi nake jin kunyar karɓar guzuri daga hannun tsohuwa. Kullum sai mun yi ta ja, tana turowa ina turawa. Da ta gaji da ni sai ta sake dabara: ta daina ba ni a hannu, ta koma cusa mani a kaya in na ba da baya. Na san da wannan sarai. Na sha isa gida in tarar da daddawa a cikin littattafan yara. Amma ranar, da duk hankalina yana kan rana da inuwa, ko kusa abin bai faɗo mani a rai ba.

Na dawo daga masallaci na yi sallama. Ta rako ni har zaure tana murmushi.

"Yau dai ba ka yi mani gardama ba, ɗan nan."

"Ai yau ba ki ba ni komai ba, Gwaggo."

"Haka ne. Allah shi kiyaye hanya, ka gaida mani ɗiyata, matar taka."

Sai da na isa Ƙanƙara, na shigar da babur tsakar gida, na kwance igiyar akwati, ƙamshin dambu ya buge ni. Langa ce babba, a ɗaure da tsohon zane, cike da dambun da aka juye daga madambaci kai tsaye. Har lokacin in ka taɓa gindinta sai ka janye hannu. Gwaggo ta buɗe akwati ta ga wuri shimfiɗaɗɗe da farin tawul mai tsabta, ta ce ga mazaunin langa. A kan faifan ta yi tafiyar nan duka, tana tsalle a kowane rami.

Na zaro faifan daga kwali. Tsakiyarsa ta lotsa, bakinsa ya tashi ta gefe biyu kamar ganyen kabewa da ya sha rana. Na ɗora shi a tabarma, ya ƙi kwanciya.

Ban san iyakar abin da na faɗa ba a tsakar gidan nan. Na ce tsofaffin ƙauye ba su san darajar komai ba in ba ciki ba. Na ce yanzun nan zan koma Tafoki. Na rantse ba zan ci dambun ba. Matata tana zaune bakin murhu tana kallona, sai da na gaji don kaina sannan ta yi magana.

"Ka koma Tafoki ka ce mata mi, Malam? Ka ce don mi ta ba ka abinci?"

Na zauna a turmi na riƙe kai. Ba liyafar ce ta dame ni ba, a sa Jirgin Ƙasa sau biyu mana, wa zai mutu? Fuskar Dakta nake gani lokacin da yake kwantar da faifan da hannunsa. Abin da ya fi ji da shi cikin kayan ɗan'uwansa, ya ba ni amana, cikin yini guda na mayar da shi murfin langa.

Can wata dabara ta zo mani. Na tashi na ɗauko dutsen guga na fara zuba masa garwashi. Matata ta miƙe tsaye, ta zo ta karɓe shi daga hannuna ba tare da ta nemi izini ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Narkar da shi za ka yi gaba ɗaya. Roba ce fa. Farantina na roba da ya lanƙwashe a bakin wuta, rana na sa shi na danne da dutsen niƙa, a hankali ya koma. Ka bari sai da safe."

"Faranti daban, faifai daban."

"To yi gugarka."

Na ajiye garwashin. Ita kuwa ta jawo langa ta zuba mai da yaji ta ci dambunta a gabana, har tana cewa Gwaggo ba ta yi rowar zogale ba.

Da safe ta yi abin da har yau nake gode mata. Kabad ɗinta na jere, wanda ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai, yana da gilasai biyu masu zamewa. Ta zare su duka biyun ta wanke ta goge. Muka sa faifan a tsakani, muka shimfiɗa a kan tebur a tsakar gida inda hantsi ke sauka, muka danne kusurwoyin da kwanonin ruwa. Ta ce ba a barin sa har rana ta take, da gilashin ya yi ɗumin da za ka iya ɗora kunci a kai sai a shigar da shi ɗaki, a ɗora masa buhun dawa ya huce a haka. Ni aka ba gadi. Malami guda da takardar shaidarsa, na zauna da sanda ina korar kaji, ina taɓa gilashi da kunci kamar mai duba zazzaɓi.

Ranar farko da muka ɗaga buhun da yamma, ya rage amma bai kwanta ba. Na ce ai na faɗa. Ta ce saura gobe. Washegari muka sake, muka ƙara masa lokaci kaɗan. Bayan la'asar muka janye buhu, na ɗaga gilashi, na ɗora faifan a tebur na tsuguna ina leƙen ƙarƙashinsa. Ya kwanta. In ka ƙura ido za ka ga ɗan tudu a gefe guda, amma ya kwanta.

Na ɗora shi a garmahona na sauke allura. Jita ta shigo yadda na san ta. Ganga ta biyo. Allurar tana ɗan hawa tana sauka amma ba ta tsalle. Na fara jin numfashina yana dawowa, har na dubi matata na yi mata dariyar farko cikin kwana biyu. Sai aka zo tsakiyar waƙar, inda komai ke yin shiru a bar sarewa ita kaɗai.

Ƙas. Faifan ya zagayo. Ƙas. Ya sake zagayowa. Ƙas.

Sau bakwai na ƙirga, sannan ya wuce. Na mayar da allura baya, ya sake yi, bakwai cif. Na kai faifan bakin ƙofa na karkata shi ga haske, sai ga wani ɗan siririn karce a gicciye. Ko gindin langa ne, ko ƙwayar yashi ce ta shiga tsakanin gilasai, ban sani ba. Na dai san na sha jin Doguwa a Sabuwa ban taɓa jin wannan ba, kuma a daidai wurin da ya fi kowane daɗi ya faɗo.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin munafunci iri-iri. Na ce in an zo wurin zan yi tari mai ƙarfi. Na ce zan sa a fara rabon nama a daidai lokacin. Na ce zan ɗora wa allurar garmahona laifi. Na gaya wa matata wannan ta ƙarshen, don ita ta fi kama da gaskiya.

"Mutumin da ya san faifan nan kamar tafin hannunshi?" in ji ta. "Ka gaya mashi tun kafin ya ji da kunnenshi. In zai yi fushi ya yi a kan abu ɗaya, kada ka ƙara mashi na biyu."

Ranar liyafa Dakta ya sauka daga motar kasuwa da hantsi, rigarsa duk gashin awaki. Ban bari ya shiga aji ya gaisa da jama'a ba. Na ja shi bayan makaranta, gindin dalbejiya, na gaya masa komai: Tafoki, langa, dutsen gugar da aka ƙwace, gilasan kabad, buhun dawa. Na ce ya miƙe, amma akwai inda ya lalace a tsakiya, kuma ni na jawo. Ban nemi ya yafe mani ba, don ban ga fuskar neman ba.

Ya kaɗe gashin awaki daga hannun rigarsa.

"Zafi kuka sa mashi, kuka danne?"

"E."

"Har ya koma sumul?"

"Kusan haka. Zo mu je gida ka ji shi kai kaɗai, kafin a taru."

"A'a. A sa shi a lokacinshi."

Ya wuce ni ya shiga aji. Na fi son a ce ya zage ni.

Ban san yadda yinin nan ya wuce ba. An ci nama, ni tauna kawai nake. An sa ta biyar, an sa ta huɗu, malamin daji ya tashi ya yi jawabinsa na kowace shekara a kan cewa an yi maguɗi. Aka sa Mai Ruwan Sama, aka sa Jirgin Ƙasa. Dakta yana zaune a bencin gaba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa don bencin na yara ne, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Da rana ta yi sanyi na miƙe na sanar da waƙar da ta ci. Aka tafa. Dokarmu ce in ana ta ɗaya ba mai magana, ba mai motsa kofi. Ajin ya yi tsit yadda ɗakin Dakta bai taɓa yi ba. Na sauke allura na koma jikin allo na tsaya.

Jita, ganga, muryar mawaƙin can nesa. Minti goma suka wuce kamar shekara. Kayan kiɗan suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, sarewa ta rage ita kaɗai. Na ga Dakta ya sunkuyo gaba, ya ɗora hannunsa na dama a gwiwa.

Ƙas. Ya naɗe ɗan yatsa guda. Ƙas. Ya naɗe na biyu. Da hannun ya ƙare ya ci gaba da na hagu. A na bakwai ya tsaya, ya jira zagaye ɗaya, ba a sake ba. Sai ya saki wani dogon numfashi, ya jingina da teburin baya, ya rufe ido. Na ga leɓunansa suna hamdala.

Da waƙar ta ƙare jama'a suka tashi da hayaniya, ana neman buta ana shirin magariba. Na cire faifan na sa a kwali na naɗe da tawul, na kai masa da hannu biyu.

"Ka ji wurin, Dakta."

"Na ji. Yana nan."

"Mi ke nan?"

"Karcen. Ai ba kai ka yi shi ba, Malam, na Yaya ne." Ya karɓi faifan ya ɗora a cinya. "Ranar da ya dawo daga yaƙi ya sa mani shi ina ji. Muna cikin ji sai Inna ta ɗaga labule. Shekara uku ba ta gan shi ba. Ya zabura zai durƙusa ya gaishe ta, gwiwarshi ta bugi tebur, allura ta zame. Ku in kun zo surutunku ba ya bari ku ji. Ni kuwa ba kiɗan nike saurare ba, ban ma san mi suke cewa ba. Wurin nan nike jira."

Na zauna a bencin yara kusa da shi.

"Tun da ka ce kun sa mashi zafi ya koma sumul," in ji shi, "ban iya cin naman nan ba. Na ɗauka gyaran naku ya shafe shi."

Kwana ɗaya da yini ina neman hanyar da zan rufe ƙarar nan da tari. Na gode wa Allah da ya ba ni matar da ta hana, na kuma gode masa da dabararmu ba ta kai ta goge karce ba.

Washegari ni na mayar da shi Sabuwa a babur. Bai yarda da akwati ba, cikin rigarsa ya sa faifan ya rungume a ƙirji. Muka tsaya Tafoki, don ba a wucewa. Ban gaya wa Gwaggo komai ba, har ta bar duniya ba ta sani ba. Da muka tashi tafiya na ce mata in akwai guzuri ta ba ni a hannu. Ta dube ni da mamaki, ta shiga ta fito da langa. Na karɓa ban yi gardama ba, na rataye ta a gaban babur.